A Ware wa Ruwan Jakara Filin Tacewa Kafin Fuloti Ya Cinye Wurin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ina roƙon ka sammini fili a wannan jarida tamu in yi magana kan ruwan ƙazantar birnin Kano, da inda yake zuwa, da abin da nake ganin ya kamata a yi da shi. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin awo ne a wani kamfanin jima. Aikina shi ne auna abin da ke fita ta bututun baya. Yanzu na ajiye aiki, ina zaune a Gama, ƙanena kuma yana da lambu a bakin rafin da zan yi magana a kansa.

Duk wanda ya san Kano ya san rafin Jakara. Ta ratso tsohon birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ta kwashi ruwan wanka da na wanke-wanke da duk abin da rariyar gidaje ta turo, ta bi ta bayan abatuwa ta ɗebi jini da kashin tumbi, ta wuce Fagge da bayan Sabon Gari da Nomansland, sannan ta iso wajenmu. Gaba kaɗan rafin Getsi ya same ta da abin da ya kwaso daga kamfanonin Bompai, su tafi tare har madatsar ruwan Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976. A tsakiyar rani, lokacin da aka yi watanni sama ba ta zubar da ko ɗigo ba, Jakara ba ta ƙafewa. Ruwan da ke gudu cikinta a watan Maris ruwan da muka riga muka yi amfani da shi ne a gidajenmu da kasuwanninmu. A kudancin birni ma haka abin yake. Rafin Salanta yana kai ruwan kamfanonin Sharaɗa cikin kogin Challawa, kamfanonin Challawa su ƙara nasu, alhali wannan kogi yana cikin waɗanda ake ɗibar ruwan famfon birnin daga gare su, kuma shi ne ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja.

A zamanin mulkin Kwankwaso na biyu an fara rufe Jakara a cikin birni, aka shimfiɗa titi a kanta. Mutanen da gidajensu ke bakinta sun samu sauƙin wari da sauro, kuma ban raina wannan aiki ba. Sai dai ruwan da ya shiga ƙarƙashin kankare yana fitowa a Nomansland da Gama yadda ya shiga. Daga nan ne manoman lambu ke kafa injin ban-ruwa su ja shi zuwa kan latas da kabeji da karas da alayyahu, washegari a kai kayan kasuwa, a yanka a yi salak. Malaman Jami'ar Bayero da wasunsu sun sha auna wannan ruwa da ƙasar lambunan da ganyen da ke fitowa, suna samun ƙarafa masu guba irin su kurom da dalma. Ga kuma abin da ba ya jiran shekaru. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Malam Edita, maganata ɗaya ce. Kano ba ta buƙatar jiran wata katafariyar na'ura daga ƙasar waje kafin ta fara tace ruwanta. Tana da rana da zafi, kuma har yanzu akwai ragowar fili tsakanin ƙarshen gari da Wasai. Da waɗannan ana iya tace ruwan Jakara a tafkuna. Amma da sharaɗi biyu: a ware filin yanzu, kuma a hana ruwan kamfanoni shiga cikinsa.

Da sharaɗi na biyu zan fara, don shi ne aikin da na sani da hannuna.

Tan ɗaya na ɗanyen kirgi yakan ci ruwa lita 30,000 zuwa 50,000 kafin ya zama fatar da za a yi takalmi da ita. Wannan ruwa ba iri ɗaya ba ne. Na jiƙon farko cike yake da gishirin da aka adana fatar da shi. Na cire gashi yana ɗauke da laim, wato farar ƙasa, da sinadarin salfaid. Na jimar kanta, wanda ke fitowa shuɗi-shuɗi, shi ne mai kurom. Majemanmu na gargajiya a Ƙofar Wambai da bagaruwa da toka suke aiki, ruwansu yana da wari amma ba shi da kurom. Kamfanoni kuwa da gishirin kurom suke jima, don yana gama aikin cikin kwana ɗaya. Matsalar ita ce fata ba ta shanye shi duka. Takan sha kusan kashi biyu cikin uku, ragowar ya bi ruwa. Kurom ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, rana ba ta kashe shi. Duk inda ya kwanta, a gindin rafi ne ko a ƙasar lambu, nan zai zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita ta ruwan sha, ruwan da ke fita daga gangar jima kuwa yakan ɗauki dubbai.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin wannan ba shi da wuya, kuma yana mayar da kuɗinsa. Idan an gama jima, maimakon a buɗe gangar ruwan ya bi kwata, sai a tara shi daban a tanki, a tace gashi da guntayen nama. A zuba masa hodar magnesiyam oksaid, a juya, a bar shi wasu awoyi. Kurom ɗin zai kwanta a ƙasa, kamar yadda ƙullun koko ke kwanciya a tsiyaye ruwan da ke samansa. Abin da ya kwanta sai a narkar da shi da asid, ya koma gangar jima a yi aiki da shi gobe. Kamfani ya rage sayen kurom daga waje, rafi ya huta. A birnin Fas na Maroko, wanda shi ma garin majema ne kamar Kano, an gina irin wannan wuri a unguwar masana'antu ta Dokkarat, kamfanoni da yawa suna tura ruwan kurom ɗinsu wuri ɗaya. A Kanpur ta Indiya ma kamfanonin jima sun daɗe da sanin wannan hanya. Ƙananan kamfanoninmu da ba za su iya gina nasu ba suna iya haɗa kai su gina ɗaya a Challawa, ɗaya a Sharaɗa, ɗaya a Bompai, a riƙa ɗauko ruwan da tanka.

Ruwan salfaid shi ma sai an ware shi. Idan ya haɗu da ruwa mai tsami a kwata ɗaya, yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kaɗan daga cikinta wari ne kawai. Idan ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya daina jin warin ya ɗauka ta wuce, a nan ne take kashewa. Duk tsohon ma'aikacin jima ya san abin da ya sa ba a tura lebura cikin ramin kamfani haka kawai. Ana kashe ƙarfin salfaid ta hanyar hura masa iska a tanki na wasu awoyi tare da ɗan sinadarin manganis. Gishiri kuwa babu tafkin da ke cire shi. Abin da ake yi shi ne a kakkaɓe shi daga jikin kirgi tun yana busasshe, kafin a jiƙa. Aikin mutum biyu ne da buroshi.

Doka ba ita muka rasa ba. Tun 1991 dokar tarayya ta wajabta wa kowace masana'anta ta kafa abin tace ruwanta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi masaƙu da kamfanonin fata. Na san yadda ake yi a wasu wuraren. Injin tacewa yana nan an yi masa fenti, ana tada shi ranar da aka ji masu duba za su zo, idan sun tafi a kashe don a rage kuɗin gas, da dare kuma a buɗe bututu. Saboda haka awon da aka sanar da ranarsa ba ya nuna komai. A ɗebi ruwan a wajen katanga, inda bututu ke zuba, da ƙarfe biyun dare, a kai ɗakin awon jami'a, a buga sakamakon da sunan kamfani. Masu sayen fatarmu a Italiya da Sifen suna duba irin wannan, kuma mai kamfani ya fi jin tsoron rasa mai saye fiye da tara. Kada kuma a ɗauka tashin kamfanoni daga gari shi ne magani. A Bangaladash an tashi majeman Hazaribagh daga cikin Dhaka a 2017 aka kai su Savar, amma da yake wurin tacewar da aka gina musu bai yi aiki yadda ya kamata ba, sai gubar ta koma wani kogin.

Akwai wata ƙazantar da ba ta bin rafi sai an kai ta. Kano ba ta da bututun ƙarƙashin ƙasa da ke haɗa banɗakunan gidaje. Kowane gida da masai ko sokawe. Idan ya cika a kira 'yan kwasa ko motar zuƙa, kuma da wuya mai gida ya tambayi inda za a kai. Wani a kai gona, wani a juye a kududdufi ko a lambatu da dare. Kai shi gona ba sabon abu ba ne a ƙasar Kano. Kakanninmu da jakuna suke fitar da takin birni zuwa gonakin kewaye, shi ya sa ake noma su shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. Abin da ya rage shi ne a kashe cutar da ke ciki tukuna. Ana yin wannan da filin shanya: a yi fage, a shimfiɗa tsakuwa, a ɗora yashi, a zuba abin da mota ta kawo kaurin taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. Ruwan ya tsiyaye ta ƙasa a kai shi tafki, sauran ya bushe cikin mako ɗaya ko biyu a irin ranarmu. Ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai, yana iya yin watanni a raye, don haka busasshen sai a cakuɗa shi da sharar kasuwa mai ruɓewa a tara shi tsibi ya ɗau zafi, ko a ajiye shi wata shida zuwa shekara kafin a sayar wa manomi. Dakar ta Senegal tana da irin waɗannan wurare da motocin zuƙa ke kai kayansu. Akara ta Gana ta yi shekaru tana juye nata a bakin teku a wurin da ake kira Lavender Hill, har sai da aka gina wurin tacewa aka rufe shi a 2016. Idan kowace kusurwa ta Kano ta samu wuri ɗaya da direba zai kai kayansa ba tare da ya ƙona man rabin yini ba, juyewar dare za ta ragu da kanta.

Yanzu sai ruwan rafin kansa. Duk lokacin da aka yi zancen tace shi, hankalin manya yakan tafi ga irin na'urar da ke Wupa a Abuja, wadda aka buɗe a 2007 don ɗaukar ƙazantar mutum 700,000. Hanyar da take bi wasu masana biyu ne, Ardern da Lockett, suka fito da ita a Manchesta ta Ingila a 1914. Ana hura iska cikin ruwan ba dare ba rana domin ƙwayoyin bakteriya su cinye dattin cikin awoyi. Hanya ce mai kyau, ba ta cin fili, kuma ita manyan biranen Turai ke bi. Amma rayuwarta tana hannun wutar lantarki. Idan iskar ta tsaya na yini ɗaya ko biyu ƙwayoyin sun lalace, sai an yi makonni ana renon wasu. Kayan gyaranta da dala ake sayowa. Akara ta gina wata na'urar zamani a James Town a 2000, cikin 'yan shekaru ta tsaya, ruwa ya ci gaba da wucewa teku ɗanye na tsawon lokaci kafin a gyara ta. Ni da na ga yadda ake kashe ƙaramin injin kamfani don kuɗin gas, ba zan ba Kano shawarar ta ɗora lafiyar mutanenta kan janareta ba.

Tafkunan tacewa ba su buƙatar wuta idan an samu gangare, kuma daga Kano zuwa Wasai ruwa da ƙafarsa yake tafiya. Ga yadda suke aiki. Da farko ruwan zai bi ta ragar ƙarfe ta tare leda da robobi, sannan ya bi wani dogon rami inda yashi ke kwanciya. A Kano wannan mataki shi ne zai fi cin ma'aikata, saboda yawan ledar da Jakara ke ɗauka. Daga nan sai tafki na farko, mai zurfin mita 3 zuwa 5. Babu iska a cikinsa, kuma akwai irin ƙwayoyin da a haka suke rayuwa. A zafi irin namu, cikin kwana ɗaya ko biyu sun cinye fiye da rabin dattin, mai nauyin ya kwanta a gindi. Sai ruwan ya gangara tafki na biyu, mai faɗi sosai amma zurfinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. A nan gansakuka ke tsirowa, ruwan ya koma kore. Wanda bai sani ba zai ce ya lalace, alhali koren shi ne alamar lafiyarsa. Gansakukar tana amfani da hasken rana ta saki iskar oksijin, bakteriya su shaƙa su ci datti, su kuma su saki abin da gansakukar ke buƙata. Aikin da injin Wupa ke yi da wuta, a nan rana ce ke yin sa.

Tafkunan ƙarshe, biyu ko uku a jere, marasa zurfi ne, kuma aikinsu kashe cuta. Hasken rana yana ratsa ruwan. Da tsakar rana gansakuka tana mayar da shi mai kanwa-kanwa har ƙwayoyin kwalara da taifot su kasa rayuwa. Ƙwan tsutsa kuma, da yake yana da nauyi, kwanciya yake yi a bar shi a baya. A wannan fanni tafki ya fi na'ura, domin na'ura sai an ƙara mata kulorin ko fitila ta musamman kafin ta kashe cuta, kuma ƙwan tsutsa yana iya tsallake ta. Tun daga shiga har fita ruwan yakan yi mako uku zuwa huɗu. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 1989 ga ruwan da za a ba kayan lambun da ake ci ɗanye shi ne kada ƙwayoyin bakteriyar bahaya su wuce 1,000 a mililita 100, kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita. Tafkunan da aka tsara daidai suna cimma wannan. Abin da mai tsarawa zai kula da shi a Kano shi ne ya yi lissafi da sanyin Disamba da Janairu, don lokacin hunturu ƙwayoyin suna rage aiki.

Ba sabuwar dabara ba ce. Nairobi da tafkunan Dandora take tace mafi yawan ruwan bututunta. A Kolkata ta Indiya akwai fadama mai faɗin hekta 12,500 a gabashin birni inda ruwan ƙazanta ke bi ta tafkunan kiwon kifi, dubban iyalai suna ci daga ciki, har aka sanya wurin cikin fadamun duniya da ake karewa a 2002. Mafi kusa da mu a yanayi ita ce Wagadugu. Hukumar ruwan Burkina Faso ta gina tafkuna a Kossodo, suka fara aiki a 2004, aka yanka wa manoma lambuna a ƙasansu. Na kawo Kossodo ne musamman don abin da ya biyo baya. Ruwan yana fita da ƙarancin cuta, amma yawancinsa daga masana'antu yake zuwa, har da kamfanin giya mai wanke kwalabe da soda. Sodar ta tsallake tafkunan, ta taru a ƙasar lambu, ƙasar ta ƙanƙame ta daina shan ruwa, manoma da yawa suka bar filayensu. Idan aka bar ruwan Getsi ya shiga tafkunan Jakara yadda yake a yau, da kurom ɗinsa da gishirinsa, abin da zai same mu ya fi haka, domin gubar za ta iya kashe gansakukar ma tun a tafki na biyu.

Na san abin da za a ce. Za a ce wari. Tafki na farko yana wari idan an ɗora masa fiye da ƙarfinsa ko an bar salfaid ɗin kamfani ya shiga, in ba haka ba warinsa bai kai na Jakarar da muke kwana da ita yanzu ba, kuma ana barin tazara tsakaninsa da gidaje. Za a ce sauro. Sauro yana son ruwa mai ciyawa a gefe, don haka ake daɓe bakin tafki da dutse ko kankare a riƙa nome shi. Za a ce ruwan zai sauka ƙasa ya gurɓata rijiyoyi. Ana daɓe gindin da yumɓu. Za a ce damina fa, lokacin da Jakara ke cika ta batse a watan Agusta? Ba rafin duka ake juyawa cikin tafki ba. Ana yin ɗan shinge da ƙofa a gefe, wanda ke ɗibar daidai ruwan da ke gudu a rani, ambaliya kuma ta tsallake ta bi hanyarta. A lokacin ruwan sama ya riga ya sirka ƙazantar, kuma manoma ba su jan ruwa.

Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan nauyi a wajen mutanenmu, wato tsarki. Tun muna yara aka koya mana cewa ruwa yana fita daga tsarki idan najasa ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta duba wannan mas'ala, ta ba da fatawar cewa ruwan ƙazanta idan an tace shi har najasar ta fita, siffofinsa suka dawo, kuma babu cutarwa ga lafiya, ya zama mai tsarki. Ni ban ma kai can ba. Ban ce a sha ba, ko da yake birnin Windhoek na Namibiya tun 1968 yake mayar da irin wannan ruwa cikin famfo bayan tacewa mai zurfi. Ban-ruwan lambu kawai nake magana, kuma ana yin sa a yau da ɗanyen ruwa. Ina roƙon malamanmu su riƙa tunatar da mu hadisin da ya hana yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, su kuma faɗa mana ƙarara ko wanda ya haɗa bututun banɗakinsa da kwatar unguwa ya fita daga wannan hani.

Abin da tafki ke ci shi ne fili, kuma a nan tsorona yake. A ƙasa mai zafi ana lissafa kusan murabba'in mita 2 zuwa 3 ga kowane mutum. Mutum miliyan ɗaya ke nan suna buƙatar hekta 200 zuwa 300. Fili ne mai yawa, amma ba dole ya zama a dunƙule ba, kuma ba dole a haƙa duka a shekara ɗaya ba. Ana iya farawa da layi ɗaya a ƙara wani idan kuɗi ya samu. Abin da ba a iya ƙarawa daga baya shi ne filin kansa. Lokacin da na tare a Gama, idan ka tsaya a bakin rafi gonaki kake hange. Yau gidaje ne. Masu yankan awon igiya suna bin rafin suna gangarawa, kowace shekara suna ƙara kusantar Wasai. Gonar da gwamnati za ta iya biyan diyyarta a bana cikin mutunci, idan ta zama unguwa sai an rushe gidajen mutane, kuma babu gwamnan da zai yi wannan don tafkin ƙazanta. Kududdufan cikin birni da ke riƙe ruwan sama haka muka rasa su, ɗaya bayan ɗaya, aka cike aka yi gini, yanzu ruwan yana shiga ɗakuna. Tun ran gini ake zane.

Manoman da ke sama da inda tafkunan za su kasance, irin su ƙanena da na Kwakwaci, kada a kore su. Da wannan lambu suke ciyar da iyali, kuma birni yana cin abin da suke nomawa. Tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkata ga cewa inda tacewa ba ta samu ba tukuna, a rage haɗari mataki-mataki. Manomi ya haƙa ɗan rami ruwan ya kwana ya kwanta kafin ya ja. Ya bi da shi ta kwari zuwa gindin shuka maimakon watsawa kan ganye. Ya daina ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin ya cire latas. Mai sayarwa ya daina wanke kaya da ruwan rafin. Uwargida ta wanke da ruwa mai tsabta da ɗan ruwan khal (binega) ko maganin kulorin. Ƙanena ya yi ramin, kuma ya ce ko bututun injinsa ya daina toshewa. Malaman gona suna iya koyar da wannan a rani ɗaya.

Game da kuɗin kula da wurin, tafkunan da suka lalace a wasu garuruwa yawanci sakaci ne ya kashe su. Ba a kwashe leda ba, ba a nome ciyawa ba, aka bar tafki na farko ya cika da laka, alhali duk bayan shekara biyu zuwa biyar ya kamata a yashe shi. Aikin leburori ne da mai awo ɗaya ko biyu, amma sai an sa albashinsu cikin kasafin kuɗi tun ranar da aka sa na gini. Kuɗin juye motar zuƙa da kuɗin taki da hayar lambunan da za a yanka a ƙasan tafki za su ɗauki wani kaso.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin jiha da majalisar dokoki su tura masu safiyo su bi Jakara daga mahaɗarta da Getsi har Wasai, su fitar da wurin da gangarensa ya dace, a biya masu gonaki haƙƙinsu cikakke, a kafa doka cewa wurin na tace ruwa ne, ba za a yanka shi fuloti ba ko da an canza gwamnati. A yi haka a gefen Salanta. Hakimai da dagatan Ungogo da Minjibir su shiga maganar tun farko, don ƙasarsu ce kuma mutanensu ne ke kamun kifi a Wasai. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya bi rafin da ƙafa a wannan rani, ya ɗauki hoton inda Getsi ke zuba cikin Jakara, ya tambayi manoma da masunta abin da suke gani a jikinsu da amfaninsu, sannan ya je ma'aikatar muhalli da ta filaye ya tambaya ko akwai filin da aka ware, kuma hekta nawa ne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin awo,
Gama, Kano.